Tambayoyin Masu Karatu: Allurar Tela, Allurar Likita da Allurar Soja

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan kalma guda, ko da yake masu su ba su san juna ba, kuma kowannensu da abin da ya dame shi. Kalmar ita ce allura. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko daga wani matashi ce a Kaduna. Ya ce: "Assalamu alaikum, Malam. Ni sabon ma'aikaci ne a sashen fassara na wani gidan rediyo. An ba ni labari da Ingilishi a kan tallafin da gwamnati za ta bai wa wasu masana'antu, a cikinsa akwai kalmar injection. Na duba ƙamus na ga allura, sai na rubuta cewa gwamnati za ta yi wa masana'antun allurar kuɗi. Editanmu ya yi dariya ya soke jimlar, bai kuma yi mini bayani ba. Ina kuskurena yake, tunda abin da ƙamus ya faɗa na bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen ne kawai ya faɗa maka, kuma sauran rabin yana cikin asalin kalmomin biyu.

Allura daga Larabci muka aro ta, wato al-ibra, kuma mun haɗiye ta tare da "al" ɗinta kamar yadda muka yi wa alƙalami da albasa da aljihu da almakashi. Yayarta basilla, wadda dukawa da masu ɗinkin buhu suke aiki da ita, ita ma daga can ta fito. Abin lura shi ne kalmar sunan wani abu ce da ake riƙewa a hannu, ƙarfe siriri mai tsini a gefe ɗaya da kafa a ɗaya gefen, kuma ta daɗe a hannun maɗinkan riguna da huluna kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya lissafa allura cikin kayan da fatake suke ƙetaro Sahara da su, shi kansa ma ya riƙa musanya allurai da abinci a wasu wuraren da ya ratsa.

Kalmar Ingilishin kuwa daga Latin ta samo tushe, kuma ma'anarta ta asali ita ce jefa abu a cikin wani abu. Sunan aiki ce, babu ƙarfe ko tsini a cikinta, shi ya sa Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da ita wajen ɗura ruwan magani ta kowace kafa ta jiki tun kafin a ƙera allura mai rami. A 1656 Christopher Wren ya ɗura wa kare magani a jijiya a Oxford, kuma kayan aikinsa gashin tsuntsu ne mai rami da mafitsarar dabba. Sai a 1844 Francis Rynd ya yi aiki da allura mai rami a Dublin, sannan a 1853 Alexander Wood a Edinburgh da Charles Pravaz a Lyon, kowanne a nasa ɓangaren, suka fito da sirinji mai allura wanda na yau ya gada. Da wannan kayan aiki ya iso mana tare da asibitocin zamanin Turawa, Bahaushe ya dubi abin da idonsa ya gani kuma fatarsa ta ji, ya ce ai allura ce. Daga nan ya raba sauran sunayen: maganin ya zama ruwan allura, bututun ya zama sirinji, aikin kuma ya zama yin allura. Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba, domin Faransawa ma a maganarsu ta yau da kullum kalmar da suke kiran harbin zuma ko cizon sauro da ita suke kiran allurar likita.

Ka ga ke nan a cikin asibiti kawai kalmomin biyu suka haɗu. Da an fita ƙofa, tamu tana bin tsini duk inda yake, har allurar keken ɗinki da ta garmaho, tasu kuma tana bin duk abin da aka tura cikin wani abu da ƙarfi ko da gangan.

Labarinka na tattalin arziki ne, kuma a nan kalmar da Hausa ta tanada ita ce zuba. A 2009, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan Babban Bankin Nijeriya, bankin ya zuba naira biliyan 620 a wasu bankunan kasuwanci da suka kusa durƙushewa. Jaridun Ingilishi wannan kalma taka suka yi ta maimaitawa, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba abokinsa labarin, cewa zai yi an zuba musu kuɗi, ko an ɗora su a kan ƙafafunsu. Ɗaliban tattalin arziki ma suna haɗuwa da ita a darasin zagayawar kuɗi a ƙasa, inda ake cewa abubuwa uku suna shigo da kuɗi cikin zagayen, wato zuba jari da kashe kuɗin gwamnati da cinikin kayan da aka fitar waje, uku kuma suna janye su, wato ajiya da haraji da sayen kaya daga waje. Malamin da ya ce wa ɗalibansa randa ce ana zuba mata ruwa ta sama tana yoyo ta ƙasa ya gama bayanin, bai kuwa ambaci allura ba.

Ka leƙa garejin kanikawa ka ji yadda suka warware tasu matsalar. Tsofaffin motoci, irin yawancin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da kafireto suke aiki, inda iskar da injin yake zuƙa take jan fetur ta tafi da shi. Motocin da suka biyo baya, musamman daga ƙarshen shekarun 1980, famfo ne yake matso man, nozul kuma ya fesa shi daidai gwargwado bisa umarnin wata 'yar kwamfuta. Injin dizal shi tun asali haka yake, domin ba shi da fulogi, zafin iskar da aka matse ne yake kunna man da aka feso. Bakanike bai ce wa wannan allura ba, ya ari kalmar ya lanƙwasa ta, ya ce mota mai injekta, aikin kuma ya ce fesa mai. Abin sha'awa, a cikin injektan akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai tsini da yake ɗagawa ya buɗe wa mai hanya, kuma idan bakanike ya kira wannan allura ya yi daidai, saboda tsinin ya gani.

A masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai ana narka roba a ɗura ta da ƙarfi cikin mazubi, ta huce ta fito bokiti ko kofi ko kujera. In ka kifa bokitin gidanku za ka ga ɗan tabo kamar cibiya a tsakiyar gindinsa, ta nan robar ta shiga. Turawa da waccan kalma suke kiran aikin, mu kuwa muna da zubi tun zamanin maƙeran farfaru. Masana kwamfuta ma suna amfani da kalmar Turawan idan ɓarawon intanet ya rubuta umarni a gurbin da aka tanada don suna ko kalmar sirri, rumbun bayanai ya ɗauka daga mai gida umarnin ya fito ya bi. Wannan cusa umarni ne. A lissafi kuma sunan wata dangantaka ce tsakanin rukuni biyu, inda kowane ɗan rukunin farko yake da nasa abokin a rukuni na biyu ba tare da biyu sun haɗu a kan ɗaya ba, kamar ɗalibai da kujerun ɗakin jarrabawa, kowa da tasa, ko da wasu kujerun sun rage babu kowa. Wuri guda da ba na magani ba da fassararka za ta zauna daram shi ne hukuncin kisa ta hanyar allura mai guba, wanda jihar Texas ta Amurka ta fara zartarwa a 1982, kuma dalilin a fili yake, a can da gaske ana soka allura.

Don haka jimlar da editanka yake jira ita ce: gwamnati za ta zuba kuɗi a masana'antun domin ta farfaɗo da su. Ni dai ban haramta allurar kuɗi gaba ɗaya ba. Marubucin sharhi ko mawaƙi yana iya faɗin ta da gangan, ya kwatanta masana'antar da majiyyaci, kuma za ta yi armashi. Amma a labaran ƙarfe bakwai mai sauraro ba ya da damar komawa baya ya sake ji, kuma duk kalmar da ta sa shi ya tsaya yana tunani ta cinye masa jimlar da ke biye. Editan naka ma da ya zauna ya yi maka wannan bayani da ya fi dariyar amfani.

Wata ɗaliba daga Sakkwato ta tambaya: "Malam, allurar da ke cikin 'allura ta tono garma' ita ce ke cikin 'allurar soja ta motsa'?"

Ba ita ba ce, Malama, kuma bambancinsu yana nuna wadda ta girmi wata. Ta farko allurar tela ce, kuma ƙanƙantarta ake nufi: an shiga binciken ɗan ƙaramin abu sai ga babba ya fito, kamar a nemi bayanin naira dubu da ta ɓace a asusun ƙungiya a tarar da rabin asusun babu. Haka "allura cikin ruwa, mai rabo ka samu", nan ma ƙanƙanta ce da wuyar gani. Kafar allurar da aka ce sai raƙumi ya shiga cikinta, a aya ta 40 ta Suratul A'araf, ita ma ta ɗinki ce.

Ta biyu kuwa ba za ta girmi asibiti da barikin soja ba. Ta fito ne daga zaton da jama'a suke yi cewa ana yi wa soja wata allura da take cire masa tsoro da tausayi, ta kwanta a jini, ta riƙa tashi lokaci lokaci. Allurar da aka san ana yi wa sababbin sojoji ta rigakafin cututtuka ce, abin da yake sauya su kuwa horo ne da abin da suka gani a fagen daga. Amma maganar ta yi wa mutane daɗi har ta bar bariki, yanzu za ki ji an ce allurar siyasarsa ta motsa, ko a ce wa tsohon malamin makaranta da ya hau gyara wa baƙi magana a wurin biki allurar malanta ce ta tashi. A nan allura ta zama sunan halin da ya shiga jiki ya ƙi fita.

Tambaya ta uku daga wata uwa ce a Funtuwa: "Ma'aikatan lafiya sun zo gida sun ce allurar rigakafin shan inna za su yi wa yara, amma sai na ga sun ɗiga musu abu a baki. Na ce ina allurar, suka ce ai ita ce wannan. Kakar yaran kuma ba ta cewa allura, lamba take cewa. Wanne ne daidai?"

Hajiya, ke da kakar yaran duk kuna da gaskiya, ma'aikatan ne suka yi amfani da kalmar da ta yi wa abin yawa. Saboda yawancin rigakafi da allura ake yin su, kalmomin biyu sun manne a bakin mutane har aka koma kiran kowane rigakafi allura, ko da ɗigo ne. Rigakafin shan inna iri biyu ne. Akwai na allura, wanda Jonas Salk ya samar aka fara amfani da shi a 1955, akwai kuma na ɗigo biyu a baki, wanda Albert Sabin ya samar daga baya, kuma shi ne ake bi gida gida da shi domin ba ya buƙatar sirinji ko ƙwararren mai allura. Tun 2015 Nijeriya ta sa na allurar ma cikin rigakafin da ake yi wa jarirai a asibiti, saboda haka yaro yana samun duka biyun, ɗaya ba ya hana ɗaya. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma ana ci gaba da ɗigon domin wani nau'in ƙwayar yana ɓulla a inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba.

Lamba kuwa tsohuwar kalma ce mai tarihi, daga rigakafin agana ta fito. Tun daga gwajin Edward Jenner na 1796, wannan rigakafi ba a zurfafa shi cikin tsoka, fatar dantse ake ɗan karta ko a tsattsaga a sa maganin, wurin ya yi ƙurji ya warke ya bar tabo mai faɗi. Tabon shi ne lambar, kuma shi ake dubawa a san wanda aka yi wa. A gangamin kawar da agana da aka fara a Afirka ta Yamma a 1967 an yi aiki da wata na'ura mai kama da bindiga wadda ake takawa da ƙafa, tana harba maganin ya ratsa fata da ƙarfin matsi kawai, babu tsini ko kaɗan. Wato ga abin da Bature zai kira da waccan kalma tasa ba tare da allura ba, ga kuma ɗigon bakin da muke kira allura alhali ba a soki kowa ba. An sanar da kawar da agana daga duniya a 1980, don haka tabon da kike gani a dantsen yaranki ba nata ba ne, na rigakafin tarin fuka ne da ake yi wa jariri bayan haihuwa. A ganina ma'aikatan lafiya su riƙa cewa rigakafi kawai, su ƙara da na baki ko na allura, domin uwar da aka ce mata allura ta ga ɗigo tana da dalilin yin shakka, kuma shakka ta taɓa jawo mana asara babba a kan wannan cuta.

Wani dattijo daga Damagaram ya rubuto: "Ina da ciwon sukari, ina yi wa kaina allurar insulin kullum. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce huƙuna tana karya azumi, kuma huƙuna ita ce allura da Larabci. Shin azumin da na yi a baya ya lalace?"

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma matsalar taka rabinta ta kalma ce, kuma wannan rabin zan iya taɓawa. Larabci ma ya faɗa irin abin da ya sami Hausa. A Larabcin yau huƙuna tana nufin allurar likita, amma lokacin da Shehu Halil ya rubuta Muhtasar, ƙarni biyar kafin a ƙera sirinji mai allura, huƙuna tana nufin ɗura ruwan magani ta dubura ya shiga hanji. Ita ce malaman Malikiyya suka ce tana wajabta ramuwa idan da abu mai ruwa aka yi ta, domin ta kai abu cikin ciki ta wata kafa. Ɗalibin ya karanta daidai, sai dai ya ɗauki ma'anar yau ya ɗora wa kalmar jiya.

Game da allurar zamani, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 10 da ta yi a Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani da ake yi a fata ko a tsoka ko a jijiya ba ta karya azumi, ban da ruwa da alluran da suke ciyar da jiki. Insulin ba abinci ba ne, a ƙarƙashin fata ake yin sa, saboda haka yana cikin kashin farko, ƙarin ruwa mai sukari kuwa yana cikin na biyu. Akwai malaman da suke son a jinkirta allura zuwa dare idan babu cutarwa, don fita daga saɓani, kuma ya kamata ka zauna da malamin da ka amince da shi a garinku.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne lafiyarka. Insulin yana saukar da sukarin jini, kuma wanda ya yi adadin da ya saba sannan ya wuni bai ci ba yana iya faɗuwa sumamme kafin la'asar. Ka ga likitanka tun watan Sha'aban domin ya duba ko jikinka zai ɗauki azumi, in zai ɗauka ya gyara maka adadi da lokaci, in kuma ba zai ɗauka ba, rangwamen da aka yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara yana nan. Dalilin da ya sa ba a ba ka shi a ƙwaya kuwa shi ne ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa tun da aka fara yi wa majiyyaci na farko a Toronto a 1922 yake bin hanyar allura.

Tambaya ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Gombe: "Ni in ba a yi mini allura ba, ba na jin an yi mini magani. Matata ta ce camfi ne. Shin allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba?"

Malam, uwargida ta fi ka kusa da gaskiya, ko da yake ba ta kama ta duka ba. Allura hanya ce, ba magani ba ce, kuma ƙarfi yana ga abin da aka zuƙa a sirinjin. Abin da allura ta fi ƙwaya da shi sauri ne da tabbacin isa, wanda ake buƙata idan majiyyaci yana amai ba ya riƙe komai, ko ya suma, ko ciwon ya yi tsananin da ba zai jira ba, ko kuma maganin irin wanda ciki yake lalatawa ne. Zazzaɓin cizon sauro misali ne mai kyau. Idan ya yi tsanani, yaro yana fizge-fizge ko ba ya iya sha, allurar artesunate ake fara yi, amma da zarar ya farfaɗo sai a koma ƙwayoyi na kwana uku, kuma su ne suke ƙarasa aikin. Zazzaɓin da bai kai haka ba ƙwayoyin kaɗai sun ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana yin allura kimanin biliyan 16 a shekara a duniya, kusan kashi 90 cikin 100 na magani ne ba na rigakafi ba, kuma ta daɗe tana cewa da yawa daga cikinsu ƙwaya za ta iya maye gurbinsu.

Kalmar guda ce a bakinmu, amma a hannun ma'aikacin lafiya hanyoyin sun bambanta. Akwai ta cikin fata, wadda ake kwantar da allurar a ɗan tsira bakinta har wurin ya taso kamar ƙwayar gero, irin ta tarin fuka. Akwai ta ƙarƙashin fata, irin ta insulin. Akwai ta tsoka, wadda ake cakawa a miƙe a dantse ko cinya ko ɗuwawu, irin allurar tazarar haihuwa ta wata uku. Sai ta jijiya, wadda take kai magani cikin jini nan take, kuma ƙarin ruwa ɗan'uwanta ne da ake yi a hankali. Maganin da aka yi don wata hanya aka bi da shi ta wata yana iya yin illa, kuma abin da ya shiga jini ba a amayar da shi.

Kowace allura ƙofa ce aka huda a fata. A Masar, gangamin maganin tsargiya da aka yi ta yi da allura daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980, ana maimaita sirinjin gilashi ba tare da an dafa shi sosai ba, ya bar ƙasar cikin waɗanda suka fi kowa yawan masu ciwon hanta nau'in C. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau ma suna bin wannan hanya. Saboda haka ka sa ido a yage ledar sabon sirinji a gabanka, wannan haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma wata kalma da take ruɗa mu a nan, ita ce jijiya, domin da ita muke kiran wadda jini yake gudu a ciki, da ita kuma muke kiran wadda take kai saƙon motsi da ji daga laka zuwa gaɓoɓi. Idan aka ce an yi allura a jijiya, ta farko ake nufi, kuma da gangan ake neman ta. Idan aka ce allura ta taɓa jijiya, ta biyu ce, kuma haɗari ne. Wata babba daga cikinsu tana ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa, shi ya sa ake koya wa ma'aikata su raba ɗuwawu gida huɗu a ido su yi allura a kashin sama na waje, jarirai da ƙananan yara kuwa a gefen cinya ake yi musu.

A unguwar da na taɓa zama, ɗan maƙwabcina mai shekara huɗu ya yi zazzaɓi da dare, uban ya saɓa shi a kafaɗa zuwa wani kemis, ya kuma ce shi allura yake so a yi, ba ƙwaya ba. Yaron yana ta mutsu-mutsu aka danne shi a kan benci, aka caka masa a tsakiyar ɗuwawu, ya ƙwalla wata ƙara da uban ya ce bai taɓa jin irinta ba. Da gari ya waye zazzaɓin ya sauka, amma da yaron ya taka sai tafin ƙafar hagu ya riƙa faɗuwa, silifas yana zamewa, yatsun suna jan ƙasa. Mutanen gida suka ce shan inna ce, har aka fara neman rubutu, sai a babban asibiti likita ya tambayi inda aka yi allurar, uban ya nuna da yatsa. An yi wata da watanni ana kai shi gashi da motsa ƙafa sau biyu a mako. Rabona da shi yana aji uku na firamare, yana buga ƙwallo da yaran layi, amma in ya gaji da yamma ƙafar tana ɗan ja.